Turancin da za ka buƙata ranar da bairos ya kama maka kwamfuta

Duk wanda kwamfuta ta taɓa yi wa hauka a garin nan na Kaduna ya san cewa rabin wahalar a wajen bayani take. Kwamfutar Turanci take ji, saƙon da take watso maka a sikirin Turanci, maɓallan da za ka danna Turanci, mai gyaran da za ka kai wa a kan titin Ahmadu Bello ko can Barnawa sau da yawa Hausarsa ta ciniki ce kawai, yaron da ke kula da kwamfutocin ofis ɗinku kuma wataƙila ɗan bautar ƙasa ne da aka turo daga kudu ko "ina kwana" bai gama iyawa ba. Sai ka ga babban mutum da digirinsa ya tsaya gaban kanta yana cewa "my system get virus" daga nan kuma shiru, mai gyara ya karɓa ya goge komai ya caje shi kuɗi.

Toh ba wani Turanci mai yawa ake buƙata ba wallahi. Kalmomi ne da ba su da yawa da ƴan jimloli da za ka riƙa juya su, amma sai ka san su sanin gaske, musamman waɗanda ke rubuce a jikin maɓalli, don nan ne ake cin mutane. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: daina kiran komai bairos

Mu a nan komai bairos ne. Batir ya mutu bairos, disk ya cika bairos, yaro ya zuba shayi a kibod bairos. Masu harkar suna da babbar kalma guda da ta haɗe duk wata muguwar manhaja, ita ce "malware", ana furta ta kamar malwe. Idan ba ka tabbatar da abin da ya same ka ba wannan ita za ka faɗa, "I think it has malware", ba wanda zai yi maka dariya.

A ƙarƙashinta ne ake da iri-iri. "Virus" na asali shi ne wanda ke maƙalewa jikin wani fayil ko manhaja, sai ka buɗe fayil ɗin sannan ya tashi ya kwafi kansa cikin wasu. Na farko da ya yaɗu a kwamfutocin gida irin na IBM sunansa Brain, wasu ƴan'uwa biyu Basit da Amjad Farooq Alvi suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, har adireshin shagonsu da lambar waya suka saka a ciki, ka ji ƙarfin hali. "Worm" kuma ba ya jiran ka buɗe komai, da kansa yake bin hanyar sadarwa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. "Trojan" shi ne mai zuwa da fuskar abin kirki, sunan daga labarin dokin katakon nan na Girkawa da sojoji suka ɓuya a cikinsa, kuma gaskiya shi ne ya fi cin mutanenmu saboda son banza, manhajar sayarwa da aka fasa ake rabawa kyauta, ka sauke ka saka da hannunka kana murna. "Spyware" leƙen asiri yake yi, yana kwashe abin da kake bugawa har da faswod. "Adware" talla yake cika ka da ita. "Ransomware" shi ne mai garkuwa da fayiloli, ya kulle maka su ya ce sai ka biya kuɗin fansa, kuma mu ƴan Kaduna ba sai an yi mana dogon bayanin kalmar "ransom" ba. WannaCry da ya ɓarke a watan Mayun 2017 irinsa ne, ya shiga ƙasashe sama da 150, ya tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila, yana neman dala 300 a Bitcoin kan kowace kwamfuta.

Sai kalmomi uku da mutane ke cakuɗawa kullum, kuma cakuɗa su yana sa a yi maka gyaran da ba shi kake buƙata ba. "Infected" na na'ura ne, muguwar manhaja ta shiga ciki. "Hacked" yawanci na asusu ne, wani ya shiga Facebook ɗinka ko WhatsApp ko imel. "Scammed" kai ne aka damfara. Wanda aka kira a waya aka ce ya karanto lambobi shida da suka shigo masa ya karanta aka ƙwace WhatsApp ɗinsa, wayarsa lafiyarta ƙalau, ko sau goma aka wanke ta ba abin da zai canza, abin da zai ce shi ne "My WhatsApp was hacked" ba "my phone has virus" ba. "Phishing" kuma shi ne tarkon da ake ɗanawa da saƙon ƙarya ko shafin ƙarya mai kama da na banki don ka rubuta bayananka da kanka.

Mataki na biyu: gyara bakinka kaɗan

Ba ina nufin ka koma magana ta hanci ba. Wasu sautuka ne kawai da harshenmu ke juyawa har ma'ana ta ɓace. Ba mu da "v" a Hausa shi ya sa muke cewa bairos, tsakaninmu ba matsala, amma idan da Turanci kake magana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka fitar da murya, vai-ros. Sai tsohuwar rigimarmu ta "p" da "f". "File" fayil ne, "pile" kuma basir ake nufi a Turancin Najeriya, don haka wanda ya ce "my pile is not opening" a cikin shago cike da mutane ya san abin da zai biyo baya. "Pop-up", wato ƴan tagogin nan da ke faɗowa sikirin ba ka kira su ba, leɓe biyu ake haɗewa a fasa, haka "password", haka "update". Ita kuwa "phishing" duk da an rubuta ta da "ph" da "f" ake faɗinta, daidai da kamun kifi.

Wadda ta fi muhimmanci ita ce "scan" da "scam". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ta farko bincike ne da anti-bairos ke yi, ta biyu damfara. Ka rufe baki a ƙarshe ka ce wa mai gyara "please scam my laptop", toh wani zai iya amsa maka da gaske.

Akwai kuma Turancinmu na gida da ba ya aiki idan ka fita waje ko kana bincike a Google. Mu "system" muke ce wa kwamfuta, "flash" kuma abu uku ne a wajenmu, filashin ajiye fayil, da wanke waya a sake mata manhaja, da kiran nan na ƙyafta ido da ake yi wa mutum a katse. A shagon Kaduna duk za a gane ka. A Google kuwa rubuta "laptop" ko "PC", da "USB drive" ko "flash drive".

Mataki na uku: faɗi abin da ka gani, ka bar musu sunan cutar

Wannan shi ne zuciyar abin. Idan ka je asibiti ai ba ka zama ka ce wa likita taifot ne ba ni magani, cewa kake kaina na ciwo tun shekaranjiya, da dare zazzaɓi ke rufe ni, shi ya gano sauran. Haka za ka yi wa mai gyara, kuma jimloli huɗu kacal sun ishe ka.

Ta farko "It keeps" sai aikatau mai "ing" a ƙarshe, don abin da ke ta maimaituwa. "It keeps restarting", tana ta kashe kanta tana kunnawa. "It keeps freezing", tana ta daskarewa, mu "hanging" muke cewa kuma shi ma ana ganewa. "It keeps showing adverts." "It keeps opening websites by itself." Waccan "by itself" ɗin ka riƙe ta da kyau, da kanta kenan ba kai ka sa ta ba, kuma ita ce kalmar da ke sa mai gyara ya ɗago kai ya saurare ka.

Ta biyu "It won't" don abin da ya ƙi. "It won't start." "My files won't open." "The antivirus won't update." Ta ƙarshen nan alama ce babba, don wasu miyagun manhajojin abin da suke fara yi kenan, su toshe anti-bairos.

Ta uku, wadda mutane ke ɓoyewa saboda kunya, "It started after I". "It started after I installed a cracked program." "It started after I used my flash drive at a business centre." "It started after I clicked a link on WhatsApp." Don Allah faɗi gaskiya a nan ko da shafin da ka shiga ba na faɗa a gaban surukai ba ne, mai gyara ya ga abin da ya fi naka, kuma wannan jimlar kaɗai tana iya rage masa aikin yini zuwa na awa ɗaya. Haɗa da lokaci, "since yesterday", "since last week", "for three days". "Since" da ranar farawa take tafiya, "for" da tsawon lokaci, kar ka ce "since three days".

Ta huɗu "It says" sai ka karanto abin da ke rubuce harafi da harafi. Kar ka taƙaita, kar ka fassara, mafi sauƙi ma ɗauki hoton sikirin ɗin da wayarka tun kafin saƙon ya ɓace.

Ga misali na kusa. A wani shagon buga takardu na taɓa ganin wata ɗaliba, furojet ɗinta na shekarar ƙarshe a cikin filash, an soka a kwamfuta sai ga foldodin duk sun koma da ƴar kibiya a gindinsu, kowace girmanta bai wuce 1 KB ko 2 KB ba, ta ɗora hannu a ka tana cewa "everything has deleted, everything", hawaye har kan hijabi. Mai shagon ya ce sai dai a wanke filashin. Wani dattijo da ke jiran a buga masa takarda ya leƙo ya ce, ƴata tsaya tukuna, duba nawa ne ya cika a filashin, aka duba aka ga har yanzu akwai kaya a ciki, ba abin da ya goge, ɓoye su kawai aka yi. Wannan shi ne bairos ɗin da ya fi yawo a filashin ɗalibai, kuma jimlar da ta dace ita ce "My folders have turned into shortcuts" ko "My files are hidden". "Hidden" an ɓoye, "deleted" an goge, "corrupted" sun lalace, "encrypted" an kulle su da mabuɗin sirri. Kalma huɗu, gyara huɗu daban-daban, farashi ma daban.

Tunda mun zo nan bari in ba ka maganin na filashin. Kar ka danna ko ɗaya daga masu kibiyar, danna su shi ke tayar da bairos ɗin. A kwamfuta mai lafiya, fara bincike filashin da anti-bairos, sannan buɗe Command Prompt, baƙar tagar nan ta rubuta umarni a Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filashinka E ne, idan F ne ka sa F. Foldodinka na gaske za su dawo, ka kwashe su zuwa wani wuri, ka goge masu kibiyar, bayan nan in ka ga dama ka wanke filashin. Amma idan kwamfutar gida ce ta kamu, duk filashin da ka soka mata zai sake komawa haka, sai an fara da ita.

Mataki na huɗu: karanta maɓalli kafin ka danna

Mu dai da zarar taga ta fito sai mu nemi "OK" ko "Yes" mu danna don ta ba mu wuri. Yawancin bairos ɗin yanzu ba fasa ƙofa yake ba, sallama yake yi da Turanci kai kuma ka ce shigo. Don haka waɗannan sai ka haddace su.

"Allow" ƙyale, "Block" hana. Kana cikin karanta labari ko neman fim sai Chrome ya ce shafin kaza "wants to show notifications", ka danna "Allow", daga ranar sai saƙonni su riƙa faɗowa ta gefen sikirin suna cewa kwamfutarka ta kamu da bairos biyar, har da tambarin anti-bairos na ƙarya. Ba bairos ba ne ko kaɗan, izini ka bayar, shiga "Settings" na Chrome ka nemi "Notifications" ka cire shafin, shi kenan an gama ko kobo ba ka kashe ba. Na sha ganin an wanke laftof a kan wannan, abin takaici.

"Do you want to allow this app to make changes to your device?" Wannan tambayar Windows ce, sikirin ya ɗan yi duhu, tana tambaya ko ka yarda wannan manhajar ta taɓa cikin kwamfutarka. Idan kai ne yanzu-yanzu ka danna saka wata manhaja da ka sani, "Yes". Idan kana zaune kawai ta faɗo, ko takarda ka buɗe ko hoto, "No", don hoto ba shi da dalilin neman wannan izinin. Duba inda aka rubuta "Publisher", wato kamfanin da ya yi ta, in ka ga "Unknown" ka yi hattara.

"Windows protected your PC", shuɗiyar taga, Windows ta tare wani abu da ba ta yarda da shi ba. Akwai "Don't run" a fili, idan ka danna "More info" sai "Run anyway" ya fito, ma'ana na ji gargaɗin amma a yi haka nan. Duk bidiyon YouTube da ke koya maka saka manhajar da aka fasa zai ce ka danna "Run anyway" ka kuma "disable your antivirus", wato kashe mai gadin da hannunka. "Enable" kunnawa, "disable" kashewa. Ni a ra'ayina duk manhajar da sharaɗin shigarta shi ne a kashe anti-bairos ta riga ta gaya maka ko ita wace ce. Akwai wani ransomware da ake kira STOP ko Djvu da ya shahara da bin irin waɗannan manhajojin, sai ka wayi gari duk fayilolinka sun samu wani baƙon suna a ƙarshe, ga wani fayil _readme.txt an ajiye maka ana neman daloli.

A Word da Excel kuma akwai biyu masu kama da juna. "Enable Editing" izinin gyara rubutu ne a takardar da ta zo daga intanet. "Enable Content" izini ne ga ƴan umarnin da ke ɓoye cikin takardar su yi aiki, ana ce musu "macros", kuma ta nan bairos ɗin Melissa ya bi duniya a 1999. Daga 2022 Microsoft ya fara toshe su kai tsaye a takardun da aka sauko da su daga intanet, amma yawancin Office ɗin da ke kwamfutocinmu tsofaffi ne. Takardar da ta zo ta imel tana cewa "enable content to view this document", rufe ta.

"Attachment" shi ne fayil ɗin da aka liƙo a jikin imel, "extension" kuma ƴan haruffan ƙarshen sunan fayil bayan ɗigo. Bairos ɗin ILOVEYOU da ya fito daga Filifin a watan Mayun 2000 da wannan ya ci miliyoyin mutane, fayil ɗin sunansa ya ƙare da .txt.vbs, Windows ta ɓoye .vbs ɗin, mutane suka ɗauka wasiƙar soyayya ce. Har yau Windows na ɓoye su sai ka shiga "View" ka kunna "File name extensions". Kunna shi yau. Idan an turo maka wai hoton biki ko takardar ɗaukar aiki ka ga .exe ko .scr ko .vbs a ƙarshe, ko .apk a waya, ba hoto ba ne ba takarda ba ce, manhaja ce. A Android gargaɗin shi ne "Install unknown apps", kar ka ba WhatsApp wannan izinin.

Sai na anti-bairos ɗin kansa. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu kyauta, Microsoft Defender, nemi "Windows Security" ka shiga "Virus & threat protection". "Threat" barazana, "No current threats" ba komai, "Threats found" an ga wani abu. "Quick scan" binciken gaggawa na ƴan mintoci, "Full scan" na ko'ina da ko'ina wanda kan ɗauki awa ko fiye, don haka ka tabbatar akwai caji ko wuta kafin ka fara, ka san halin wutarmu. Akwai kuma "Offline scan" da ke kashe kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi, na masu taurin kai ne. Idan ya kama abu zai ba ka zaɓi, "Remove" cirewa, "Quarantine" killacewa, kalmar da muka sha ji lokacin korona a 2020, fayil ɗin na nan amma an ɗaure shi ba ya iya komai, "Restore" a dawo da shi, "Allow on device" a bar shi ya yi abin da ya ga dama. In ba ka sani ba zaɓi "Quarantine", ita ce ba ta da nadama. "Out of date" kuma ya tsufa yana buƙatar "update", kuma anti-bairos da bai ga intanet ba wata shida don ana tsimin data sunansa kawai anti-bairos. Haka ita ma Windows ɗin, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a Oktoban 2025.

Mataki na biyar: gane Turancin maƙaryata

Saƙon ƙarya yana da murya, da ka saba za ka ji ta tun daga layin farko. Gaggawa da tsoratarwa, "urgent", "immediately", "act now", "within 24 hours", "your account will be blocked". Ko kwaɗayi, "congratulations", "you have been selected", "claim your grant". Sai aikatau ɗin da suke so ka yi, "verify", "confirm", "update your BVN", "click the link below". Anti-bairos na gaske ba ya ihu, ba ya ƙirga maka sakan, a natse yake cewa ga abin da na gani ga zaɓi. Kuma duk gargaɗin da ya cika sikirin da ja yana ƙara yana cewa "call this number", ƙarya ne, Microsoft da kansa ya ce saƙonninsa na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya. Kar ka danna komai a cikin shafin ko da "Close" ne, danna Ctrl da Shift da Esc tare, "Task Manager" zai buɗe, zaɓi burauzar ka danna "End task".

Idan kira ne, ba sai ka yi dogon Turanci ba, su ma so suke ka yi ta magana har ka ruɗe. "I don't give my PIN or OTP on the phone. I will go to my branch." Ka kashe. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP. Idan kuwa an riga an ci ka, kira bankin ta lambar da ke bayan katinka ka ce "Please block my card and my account, there is an unauthorised transaction", wato an cire kuɗi ba da izininka ba, kar ka jira gari ya waye.

Mataki na shida: a gaban mai gyara

Kalma ɗaya ce za ka tsaya a kanta kamar ranka, "format". Wanke kwamfuta kenan, komai ya tafi, hotunan suna, takardun fili, lissafin shago. Da yawa daga masu gyara shi ne maganinsu na farko don ya fi sauri, kuma wani lokacin gaskiya shi ne daidai, amma ba kafin a kwashe kayanka ba. Tun kafin ka saki laftof ɗin daga hannunka ka ce, "Oga, please don't format it. Back up my files first." "Back up" shi ne a kwafi kayan a ajiye wani wuri daban. Sai tambayoyi, "Will I lose my files?" "What exactly did you find?" "Can you show me?" "How much will it cost?" "When will it be ready?" Idan ya yi maka Turancin da ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne, "Please explain it in simple English" ko "Say it again slowly". Mai gaskiya zai nuna maka sunan abin da anti-bairos ya kama a "Protection history", wanda ya ce maka kawai "virus plenty inside" bai nuna komai ba, ka ƙara tambaya.

Ka kuma tambaye shi "What did you install?" kafin ka tafi, don wani zai cire maka bairos ya cika maka laftof da fasassun manhajoji kyauta wai alheri ya yi maka. Kuma kar a haɗa maka anti-bairos biyu manya suna aiki lokaci guda, faɗa suke da juna kwamfutar ta yi nauyi.

Idan ransomware ne, ka ga "Your files have been encrypted", cire ta daga intanet nan take, zare duk wani filash, kar ka goge fayilolin da aka kulle. Akwai shafin No More Ransom da ƴan sandan Turai na Europol da na Holan suka buɗe da wasu kamfanonin tsaro a 2016, suna ba da mabuɗan wasu nau'ukan kyauta, ba duka ba. Kalmar da za ka nema a can "decryptor".

A ofis kuma rubutu ya fi, gajere, ba sai ka fara da dogon "with due respect" ba. "Good morning. My laptop keeps showing pop-ups since Monday. It started after I opened an email attachment. I have disconnected it from the Wi-Fi. Screenshot attached." Layi biyar, ka faɗi abin da ke faruwa, yaushe, bayan me, da matakin da ka ɗauka. Kuma ka tura da wuri ko da kai ne ka danna abin da bai kamata ba, don idan worm ne kafin azahar ya zagaye ofis ɗin.

Mataki na bakwai: atisaye

Ba za ka koyi wannan ranar da abin ya faru ba, ranar hankalinka ba ya jikinka. Yanzu da kwamfutar ke lafiya buɗe "Windows Security" ka karanta duk abin da ke ciki da ƙarfi, wanda ba ka gane ba ka sa a Google Translate, akwai Hausa a ciki tun 2013, fassarar takan yi tuntuɓe a kalmomin fasaha amma za ta ba ka hanya. Duk saƙon da ya fito maka rubuta shi a Google daidai yadda yake tsakanin alamun zance, kusan kullum wani ya riga ka gamuwa da shi. Fayil ɗin da kake shakka kuma akwai shafin VirusTotal da zai gwada maka shi da anti-bairos masu yawa a lokaci guda, sai dai kar ka ɗora takardar sirri a can don wasu na iya ganinta.

In kana son ganin gargaɗi na gaske ba tare da haɗari ba, akwai fayil ɗin gwaji da ake kira EICAR, haruffa 68 ne kawai, ba ya cutar da komai, an yi shi ne musamman don anti-bairos ya kama shi kamar bairos. Sauke shi daga shafin EICAR ɗin kansa, Defender zai yi tsalle ya kama, sai ka zauna ka bi kalmomin a natse, "Threat found", "Severe", "Quarantined", "Actions". A kwamfutarka ta gida za ka yi wannan ba ta ofis ba, kar ka tayar wa yaron IT hankali a banza. Bayan nan samu ƙaninka ko abokin aiki ya zama mai gyara kai ka zama mai kawo aiki, ka yi masa bayani da jimlolin nan huɗu, shi kuma ya nace sai an yi "format" kai ka ƙi, sai ku yi musanya.